Ɗigon da Ya Ci Kamu Guda

A cikin hunturun shekarar 2021 ne ƙanenmu ya bugo mana waya daga Potiskum, yana cewa lallai mu zo gida, domin an kai ƙarar katangarsa gaban Bulama, takardar safiyo kuma ta fito, amma kowane ɓangare da irin fassarar da yake yi mata. Da muka tambaye shi ko me ya sa sai mu, alhali garin cike yake da malaman lissafi, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta koyon fasaha a bakin ƙofa, sai ya ce, "Haba Yaya, ana da Dakta a gida a je aron ido a waje?" Maganar ta yi mana daɗi, ba ma musun haka. Ba mu tsaya mun tuna masa cewa digirin namu a kan adabi yake ba, kuma ƙafar da muka saba aunawa ita ce ƙafar waƙa a ilimin aruli, wadda ba ta taɓa shiga filin kowa ba. Muka ɗauki jaka muka kama hanya.

Ya kamata mai karatu ya san asalin filin kafin ya ji abin da ya auku. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, kamar da yawa daga mazajen wannan gari da ya yi suna da tireloli da kasuwar shanu. A shekarar 1984, lokacin Potiskum tana ƙarƙashin Jihar Borno, shekara bakwai kafin a yanki Jihar Yobe, shi da wani amininsa mutumin Fika suka sayi filaye biyu jere da juna daga cikin wata gona da gari ya cim mata. Awon igiya ne aka yi musu, kowa ƙafa hamsin a faɗi, ƙafa ɗari a tsawo. Daga baya da suka nemi takarda, safiyo ya zo ya kafa duwatsunsa, ya rubuta wa kowa mita 15 da mita 30. Babu wanda ya tambayi ko ƙafa hamsin ita ce mita goma sha biyar, domin babu abin da ke tsakanin gidajen biyu sai zana, zanar ma an bar mata kafa inda mata ke miƙa wa juna gishiri da garwashi. Mu kanmu ba mu san iyakar tuwon da muka ci a wancan gida ba. Matar gidan, wadda muke kira Iya, ita ta riƙa goya mu sa'ad da mahaifiyarmu ta haifi mai bi mana.

Mahaifinmu ya rasu a 2016, amininsa ya bi bayansa bayan shekara biyu. Ƙanenmu kuwa, da Allah ya buɗa masa a harkar hatsi, sai ya ga lokaci ya yi da za a cire zana a ja katangar bulo. Aka ja ta tsawon mita talatin, aka yi mata shafe, ta yi kyau. Ba a yi wata guda ba ɗan Iya, wanda ke tuƙa keke mai ƙafa uku yana ciyar da ita da ƙannensa, ya ce an shiga musu fili. Magana ta yi tsawo, har aka haɗa kuɗi aka ɗauko safiyo, ya tono dutsen da rairayi ya binne, ya auna, ya rubuta abin da ya gani, ya tafi abinsa.

A zauren Bulama aka miƙo mana takardar. Dattawan unguwa suna zaune a kan tabarma, ɗan Iya yana rakuɓe a bakin ƙofa, ƙanenmu yana gefenmu. Muka gyara tabarau, muka bi zanen da yatsa har muka kai inda aka ja ɗan layi aka rubuta 0.46m. Bulama ya ce, "To, Dakta, a faɗa mana da Hausa, nawa ne aka ci?" Ba mu yi ko jinkirin haɗiye yawu ba. Muka ce ai wannan santimita huɗu ne da 'yan kai, muka ɗaga yatsu uku a haɗe muka nuna wa jama'a, muka ce bai ma cika faɗin wannan ba. Zaure ya ɗauki murmushi. Wani dattijo ya juya ga yaron ya ce, "Yanzu a kan faɗin yatsa uku za ka ɓata zumuncin shekara arba'in?" Yaron ya buɗe baki ya ce shi dai abin da idonsa ya gani ya fi haka, aka ce masa ido ba mudu ba ne, ga wanda ya yi karatun ya faɗa. Bulama ya ba shi haƙuri, aka shafa fatiha, aka watse. Har yanzu muna iya ganin yadda ya sa takalmansa ba tare da ya dubi kowa ba.

Abin da ya faru a cikin kanmu a wannan lokaci ba wani abu ne mai zurfi ba, shi ya sa ma ya fi ciwo. A firamare an koya mana tsanin awon tsawo da rera shi kamar waƙa, malami na bugun tebur da bulala: milimita goma santimita ɗaya, santimita goma desimita ɗaya, desimita goma mita ɗaya, daga nan a haura dekamita da hektomita har a kai kilomita, wadda ita ce mita dubu. An kuma ce mana duk wahalar abin ita ce matsar da ɗigo: in za ka sauko mataki ɗaya ka tura ɗigo gida ɗaya zuwa dama, in za ka hau ka ja shi gida ɗaya zuwa hagu. To, amma da muka bar makaranta, wasu matakan tsanin suka ruɓe don rashin takawa. Wane ne ya taɓa jin tela ko kafinta ko direba ya ambaci desimita a kasuwar Potiskum? Saboda haka a ƙwaƙwalwarmu santimita ta matso ta zauna dab da mita, kamar babu kowa a tsakaninsu. Muka tura ɗigo gida ɗaya maimakon biyu, 0.46 ta zama 4.6, alhali kamata ya yi ta zama 46. Da a ce mun tuna ma'anar kalmar kanta, wato santi na nufin ɗaya bisa ɗari, kamar yadda mili ke nufin ɗaya bisa dubu, da mun tsira. Malamin harshe ne ya faɗi a kan ma'anar kalma.

Da dare, bayan sallar lisha, muka shiga gaida mahaifiyarmu. Inna ba ta kiran sunanmu, kasancewar mu ne ɗan fari, sai dai ta ce "Yayansu". Ta riga ta ji yadda aka ƙare. Ta ce, "Yayansu, nuna mini da hannunka abin da aka ce an ci." Muka haɗa yatsu uku muka nuna mata. Ta daɗe tana kallon yatsun a hasken fitila, sa'an nan ta ce, "Ikon Allah. To, zogalen nan da ke jikin katanga, wa ya shuka shi?" Muka ce ba mu sani ba. Ta ce, "Iyarku ce ta shuka shi a bayan zana, ta ɓangarenta, shekarar da aka yi wa ƙanwarka aure. Yau ga shi a tsakar gidanmu, mu ke tsinka muna kwaɗo. Yatsa uku ne ya haɗiye bishiya har da katanga a bayanta?" Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ci gaba da jan carbinta.

Inna ba ta yi boko ba, amma ta shekara ashirin tana sayar da yadi a cikin gida, kuma da hannunta take awo. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa kamu ne. In ta buɗe hannuwa biyu gaba ce. Masu saye sun san hannunta, sun san na wance ya fi nata tsawo, na wance kuma gajere ne, sukan yi ciniki da sanin haka. Mun sha yi wa wannan awo dariya a lokacin ƙuruciya, muna cewa ba shi da tabbas, tun da kowa da tsawon hannunsa. Gaskiya ne ba shi da tabbas. Sai dai kuskurensa yana da iyaka. Mai auna kamu zai iya rage ka da faɗin yatsa ɗaya ko biyu, amma ba zai taɓa ce wa kamu yatsa uku ba, domin ma'aunin a jikinsa yake, idonsa na kai. Awon mita kuwa, sauƙin nan nasa da ake yabo, wato komai goma-goma, shi ne kuma ramin da ke cikinsa: ba a kuskure kaɗan. Ɗigo in ya zame, ninki goma yake zamewa, lambobin kuma suna nan yadda suke, huɗu da shida, babu abin da zai ja hankalin mai karantawa cewa an yi ɓari.

Muka nemi tsohon tef ɗin awonta, irin na teloli mai inci a fuska ɗaya santimita a ɗayar. Muka warware shi a kan tabarma har lamba 46, muka aza hannunmu a kai. Daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kusan cif. Kamu guda. Muka ɗauki biro muka ninka 0.46 da tsawon katangar, mita 30, ya ba mu murabba'in mita 13.8. Ɗakin da magina ke kira sha biyu da sha biyu bai wuce murabba'in mita 13.4 ba. Wato abin da muka tsaya gaban dattawa muka kira faɗin yatsa uku, filin ɗaki guda ne na marayu, an miƙar da shi siriri yadda ido ba zai yi saurin ganewa ba. Lallai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ba mu runtsa ba a daren nan, kuma ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, ba nadama kaɗai ta hana mu barci ba, har da lissafin yadda za mu tsira da mutuncinmu. Magana ta riga ta mutu. Bulama ya yanke, yaro ya haƙura ko da a fatar baki ne, safiyo ya koma inda ya fito. In muka yi shiru muka hau mota da asuba, wa zai tono? In kuwa muka yi magana, to, katanga ce ta bulo fiye da ɗari shida, ban da siminti da ladan magina, kuma ba kuɗinmu ba ne, na ƙanenmu ne wanda ya kira mu don mu tsaya masa. Ga kuma kunyar komawa zauren nan a ce Dakta bai iya lissafin aji huɗu ba.

A cikin wannan juye-juye ne tarihin mitar kanta ya faɗo mana a rai, domin mun taɓa karanta shi don nishaɗi, ba mu san zai zo ya tsaya mana a maƙogwaro ba. A zamanin juyin juya halin Faransa aka ƙirƙiro ta, saboda a lokacin kusan kowace gunduma da nata ma'aunin, masu ƙarfi kuma suna cutar talakawa da wannan bambanci. A 1791 aka yanke cewa mita za ta zama kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu, don kada a ce hannun wani sarki aka auna. Aka tura masana taurari biyu, Delambre da Méchain, suka shafe daga 1792 zuwa 1798 suna auna nisan da ke tsakanin Dunkirk da Barcelona. Shi Méchain ya gano wani ɗan saɓani a cikin awon da ya yi a Barcelona, ya kasa gane tushensa, ya kuma kasa faɗa. Ya ɓoye abin yana cin sa a rai, har ya rasu a ƙasar Sifen a 1804 yana ƙoƙarin ƙara awon. Sai bayan mutuwarsa abokin aikinsa ya ga abin a cikin takardunsa. Mitar da aka ƙera a 1799 ta gaza abin da aka nufa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita, kuma masana sun nuna ba saɓanin nasa ne ma babban dalilin hakan ba. Mutum ya ƙare rayuwarsa cikin ƙunci a kan abin da bai kai kaurin farce ba, bai kuma ci filin kowa ba. Mu namu kamu guda ne, kuma mun san fuskokin masu shi.

Bayan sallar asuba muka fara da ƙanenmu, don ba ma so ya ji a bakin wani. Bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Cewa ya yi, "Yaya, ni na kira ka, ko su suka kira ka?" Muka ce shi ne. Ya ce, "To, na gode." Ya shige ɗakinsa.

Muka tafi wajen Bulama mu kaɗai. Hausawa na cewa tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, amma mu ba mu sami haukan ba, sai dai muka durƙusa muka ce, "Ranka ya daɗe, karatun jiya akwai gyara." Ya saurare mu har muka gama, bai nuna mamaki ba, abin da ya sa muka yi zargin ko shi ma idonsa ya faɗa masa wani abu tun farko, ya dai bi bakin mai takarda. Ya aika aka kira mutanen jiya, aka kira maginin da ya ja katangar, aka ɗunguma zuwa wurin.

Maginin nan dattijo ne, shi ya warware mana yadda abin ya faru, cikin 'yan kalmomi. An ce masa fili hamsin da ɗari ne, saboda haka ya kama daga dutsen da ke bayyane ta gabas ya auna ƙafa hamsin. Ƙafa ɗaya kuwa santimita 30.48 ce, don haka ƙafa hamsin mita 15.24 ce, ba 15 ba. Nan an ci santimita 24. Sa'an nan don tsakar gida ta cika hamsin ɗinta, sai ya aza bulon a bayan igiya maimakon cikinta, kaurin bulo mai inci tara kuwa santimita 22 da rabi ne. In aka haɗa, 46 da rabi ke nan. Ashe ma safiyo ya yafe mana rabin santimita. Da wani ya ce har yanzu shi bai gane ko nawa ne ba, sai maginin ya ɗauko ragowar bulo guda ya ajiye shi a gicciye tsakanin dutsen da aka tono da bayan katangar. Ya zauna kamar don wurin aka buga shi, domin tsawon bulo santimita 45 ne. Ya ce, "Ga shi nan, Dakta. Tsawon bulo ɗaya ne, tun daga nan har ƙarshe." Babu wanda ya sake tambaya.

A nan ne muka lura da irin zaman da muke yi tsakanin ma'aunai uku, ba mu saki ɗaya ba, ba mu kama ɗaya da kyau ba. Ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, ta bar fam da sule ta kama naira da kwabo a 1973, ta kuma yi dokar awo ta 1974 wadda ta ɗora mu a kan mita da kilo da lita. Biyun farko sun zauna a dare ɗaya, don wanda ya ƙi bin hannun dama zai gamu da tirela, wanda ya ƙi naira ba zai ci abinci ba. Na ukun kuwa ya shiga inda hukuma ke da hannu, ya tsaya a bakin ƙofar inda ba ta da shi. Mai ya koma lita, allunan hanya suka koma kilomita, takardar safiyo ta koma mita. Amma dillalin fili yana nan a kan ƙafa, tela yana kan inci da yadi, mai katako da mai bulo suna kan inci. Mahaifinmu har ya bar duniya bai yarda tsakanin Potiskum da Damaturu kimanin kilomita ɗari ba ne, shi dai mil sittin da 'yan kai ya sani, kuma mil ɗin nan ta kafe a sunayen wurare, ga Mil Tara a Kano, ga Mil Goma a Zariya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da yake Faransa ce ta mulke su, da mita suke maganar fili, ba su da wannan tsalle tsakanin baki da takarda. Mu a nan ana sayar da fili da harshe ɗaya, a rubuta shi da wani, a gina shi da na farkon, sa'an nan in rigima ta tashi a nemo wanda ya yi boko ya yi tafinta, ko da bokon nasa na waƙa ne.

Ɗan Iya ya ce a rushe. Yana da gaskiyarsa, kuma bayan abin da aka yi masa jiya babu mai bakin ce masa ya yi haƙuri, balle mu. Ƙanenmu ya ce in an rushe, to, kowa ya ja tasa katangar, kada kuma a sake ganin ɗan wani gida a wani gida. Ana cikin haka Iya ta aiko daga cikin gida a ce wa Bulama tana da magana. Ta tsaya daga bayan ƙyaure ta ce ita katangar nan ta rufa mata asiri ita ma, don ba ta da kuɗin jan irinta, kuma ba za a ce a zamaninta aka rushe abin da ke tsakanin gidan nan biyu da gatari ba. Amma filin na marayu ne, ba nata ba ne balle ta yafe. A yi masa kuɗi a biya su. Sa'an nan ta ɗaga murya kaɗan ta ce, "Ɗan nan, kana nan?" Muka ce, "Muna nan, Iya." Ta ce, "Jiya da aka gaya mini abin da ka ce, cewa na yi ba kai ba ne." Ba mu sami amsar da za mu ba ta ba.

Aka kira dillalai biyu suka yi wa filin kuɗi bisa farashin unguwar. Muka ɗauki biyan rabi, ƙanenmu ya biya rabi ba da son ransa ba. Ya yi wata biyar ba ya ɗaga wayarmu, sai da azumi ya zo Inna ta sa baki. Ɗan Iya yana gaishe mu in mun haɗu, gaisuwa cikakkiya, amma bai sake kiran mu Yaya ba, Dakta yake cewa.

Da aka zo rubuta takardar sulhu, mu aka miƙa wa biro, wataƙila don babu wani mai rubutu kusa. Muka rubuta mita 0.46. Bulama ya ce a karanta masa, muka karanta. Ya ce, "A ƙara da santimitar." Muka rubuta santimita 46. Magini ya ce a sa ƙafa ɗaya da rabi, don 'yan baya masu gini. Aka sa. Daga bayan ƙyaure Iya ta ce a rubuta kamu guda, a kuma rubuta cewa zogalen nata ne. Muka rubuta, shaidu suka sa hannu, waɗanda ba sa rubutu suka dangwala yatsa. Zuwanmu gida na baya-bayan nan mun tarar da jikanyarta a tsakar gidanmu da ƙwarya, ta zagayo ta ƙofar titi, tana tsinkar ganyen.